Gwanin da Ke Bin Sawun Wuta

Tsohuwar a-kori-kura ta ƙi tashi da sassafe, ga buhunan masara a bayanta, direba na ta murza makulli har batir ya fara nishi. Kafin ka ce kwabo an yanke hukunci: famfon mai ya mutu, a sauke tanki, a tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo wani. A nan ne nake sara wa gwanin wayarin, wanda 'yan gareji ke kira rewaya. Shi ba ya yi wa famfo jana'iza sai ya tabbatar ba suma ya yi ba.

Da kunne yake farawa. Sai ya buɗe murfin tanki, ya kara kunne, ya ce wa direba, "Malam, murza, amma kar ka tayar." A yawancin motoci masu injekta famfon na cikin tanki, kuma yakan yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa 2 ya yi shiru. Sai dai gwani ya san halin kowace mota. Tsohuwar Toyota mai injin 22R-E ba ta wannan gurnanin, sai injin na juyawa famfonta ke samun wuta. Don haka sai ya buɗe ɗan akwatin gwaji da ke gefen injin, ya haɗa ramukan da ake kira Fp da +B da guntuwar waya. In famfo ya yi kuka, to lafiyarsa lau, cutar na wani wuri. Ford Ranger kuwa tana da wani maɓalli wajen ƙafar fasinja da ke yanke wa famfo wuta idan mota ta bugu, kuma faɗawa mugun rami kaɗai kan iya sa ya tsinke. Danna shi kawai ake yi. Masu tsohuwar Peugeot 504 ba su san wannan ciwon kai ba, injin ne da kansa ke tura famfonsu.

Daga nan sai fiyus, sai rile. Yakan ɗora yatsa a kan rile ya ji ko ya yi ƙas, ko ya musanya shi da irinsa na hon. Wannan kam, yaron shago ma ya iya.

Inda ake gane wanda ya ci kuɗin koyo shi ne a ƙarƙashin mota, wajen soket ɗin tanki. Mita na iya nuna bolt 12 cif, amma famfo ya ƙi motsi. Dalili kuwa, wayar da ta cinye saura silin tagulla ɗaya za ta gamsar da mita, don mita ba ta jan wuta, famfo kuwa mayunwaci ne. Shi ya sa gwani ke yawo da ƙwan fitilar gaba da ya ɗaura wa wayoyi biyu. In ƙwan ya haska tar, hanya a buɗe take. In ya yi ja-ja kamar garwashin da ya kwana, akwai inda wuta ke maƙalewa. Sau da yawa laifin na wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota ne, wadda tsatsa da lakar damina suka ci gindinta. Ya kwance noti, ya kankare wurin har ya yi ƙyalli, ya ɗaure. Mota ta tashi, tanki na nan inda yake.

Za ka kuma lura ba ya gwada wuta da ƙyasta waya a jikin ƙarfe kusa da fetur, yadda 'yan kama-karya ke yi.

Sai duk wannan ya fita lafiya yake ɗaukar guntun katako ya bubbuga ƙasan tanki, yaro na murza makulli. In mota ta tashi da bugun, gawayin cikin famfon ya siɗe, kwanansa ya ƙare. A lokacin ne zai ce, "Alhaji, yanzu kam a sayo." Kuma zai ƙara maka da cewa fetur ɗin tanki ne ke sanyaya famfo, saboda haka ka daina yawo da allurar mai a kwance.