Wutar da Mai Zane Ya Hura a Asisi

A bangon babbar majami'ar Faransis da ke garin Asisi, a ƙasar Italiya, akwai zane ashirin da takwas masu ba da labarin rayuwarsa. Na goma sha ɗaya shi ne na fi daɗewa a gabansa, shi ne kuma ya fi damuna. Tun da na dawo Gwiwa nake juya shi a zuciyata, har na ga ya kamata in shimfiɗa muku maganar, 'yan'uwa cikin Ubangiji, gama ta shafi zaman da muke yi a nan fiye da yadda ta shafi Turawan da ke zuwa kallonsa.

Wani taron ma'aikatan ikkilisiya ne ya kai ni birnin Roma. Da aka tashi sai na shiga jirgin ƙasa, tafiyar kimanin awa biyu, na sauka a kwarin da ke ƙarƙashin garin. Asisi na jingine a kafaɗar dutsen Subasiyo, gidajensa na dutse ne fari mai sirkin ja. Wanda ya saba da duwatsun Roni da na Kazaure ba zai ji baƙunta ƙwarai ba, sai dai a can itatuwan zaitun ne suka rufe gangaren. A nan aka haifi Faransis a 1181 ko 1182, ɗan wani attajiri mai fataucin yadi. Ya tashi ɗan gata, ya je yaƙi aka kama shi, ya yi zaman kurkuku a garin Feruja, daga baya ya rabu da gādon ubansa ya shiga hidimar kutare da gyaran ƙananan majami'u da suka zube. Ya hana mabiyansa riƙe kuɗi da mallakar gida. Da ajali ya zo masa a watan Oktoba na 1226, ya roƙa a kwantar da shi a ƙasa, ba shimfiɗa.

Ba a cika shekara biyu ba Paparoma Giregori na Tara ya sa shi cikin waliyyan Katolika, ya kuma aza harsashin ginin da zai rufe kabarinsa: majami'a biyu, ɗaya bisa ɗaya, a kan tudun da a dā ake kashe masu laifi. An keɓe ginin a 1253. Ba zan yi gaggawar kiransa ɓarna ba, gama na san wanda ya fara lissafin kuɗin turaren da aka zuba wa Ubangijinmu a Betanya, na kuma san amsar da ya samu (Yahaya 12). Ƙauna ce ta gina wurin. Sai dai ƙauna takan lulluɓe mutum har a daina ganinsa. A kwarin da na sauka akwai wata 'yar majami'a da ake kira Forziyunkola, wadda Faransis ya gyara da hannunsa, ba ta fi zauren mai unguwa ba. Tun daga 1569 aka fara gina wata ƙatuwar majami'a a kanta, yanzu tana tsaye a tsakiya kamar ƙwai a cikin masaki. A bakin kabarinsa kuwa na tarar da mutane a durƙushe, wasu na hawaye. Ban roƙe shi kome ba, domin matsakanci ɗaya muka sani tsakanin Allah da mutum (1 Timoti 2:5), ban kuma raina hawayensu ba.

Zanen da nake magana a kai suna majami'ar sama. An yi su wajen ƙarshen ƙarni na 13, yawanci ana jingina su ga gwanin zane Jiyoto, ko da yake masana sun daɗe suna gardama a kan ko hannunsa ne. Yadda ake aikin zai tuna muku da maginan gargajiya na ƙasar Hausa, masu fitar da ado a fuskar soro tun yaɓe bai bushe ba. Mai zane yakan sa a shafe iyakar wurin da zai iya gamawa a yini ɗaya da danyen farar ƙasa, ya shafa launi a kai, launin ya shige cikin shafen su bushe tare. Shi ya sa suka kai shekara ɗari bakwai. Ko girgizar ƙasa ta 1997, wadda ta zubo da wani sashe na rufin ta kashe mutum huɗu, ta bar waɗannan a bangonsu. An yi su ne domin talakawan da ba su iya karatu ba, kamar yadda malaman makarantar Lahadi ke ɗaga hoto a gaban yara. Hoton da ke koyarwa daban, wanda ake ƙona wa turare daban; macijin tagulla da Musa ya yi bisa umarnin Allah, shi ne Hezekiya ya farfashe sa'ad da jama'a suka mai da shi abin sujada (2 Sarakuna 18:4). Tambayar da za a yi wa hoton koyarwa ɗaya ce: gaskiya yake faɗa?

Na biyar a jerin ya faɗi gaskiya, har sai da ya sa ni kuka. Ranar da Faransis ya tuɓe tufafinsa ya mayar wa ubansa ce, a gaban bishop da mutanen gari. Mai zanen ya raba bangon gida biyu. A hagu uban ne, tufafin ɗansa a rataye a hannunsa, fuskarsa a murtuke, ya dunƙule ɗaya hannun zai kai duka, wani mutum ya riƙe masa wuyan hannu ta baya. A dama ɗan ne tsirara, bishop ya rufe masa ƙugu da mayafinsa, shi kuwa ya ɗaga hannuwa sama bai ko dubi uban ba. Tsakaninsu fili ne wayam, ba kome sai shuɗin sama, da wani hannu da ya leƙo daga can bisa. Wannan filin shi ne wa'azin. Akwai waɗanda za su karanta wannan littafi da suka san faɗinsa, waɗanda ranar da suka karɓi baftisma aka ɗauke musu ƙwaryar abinci a gidan da aka haife su. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a mai da uban dodo ba. Mutum ne da ya rasa ɗa yana ji yana gani, fushinsa da baƙin cikinsa sun cakuɗe. Wanda ya zana wannan ya san uba, ya san ɗa, ya taɓa ganin irin wannan rigima a ƙofar gida.

To, sai na goma sha ɗaya. Labarinsa ya faru a 1219, lokacin yaƙin Salibi na biyar, sa'ad da rundunar Turawa ta kewaye birnin Dimyaɗ a bakin kogin Nilu. Faransis ya iso sansanin, sa'an nan ya ƙetare fagen fama shi da abokin tafiya ɗaya, ba takobi ba garkuwa, ya nemi ganin sarkin Masar, Malik al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin. A bangon Asisi ga yadda aka nuna ganawar: sarki na kan karaga a dama yana miƙa hannu, Faransis na tsakiya, wuta na ci a ƙasa, malaman sarki kuma sun takure a hagu suna neman hanyar sulalewa. Mai kallo zai fita da fahimta ɗaya, wato an yi gasa, bawan Allah ya ce a shiga wuta a ga mai gaskiya, abokan hamayya suka tsere da kunya.

Ku biyo ni mu ga inda wutar ta fito. Yakubu na Bitri, bishop na Akka, yana cikin sansanin a lokacin, ya kuma rubuta abin da ya faru: Faransis ya yi kwanaki yana wa'azi a gaban sarki, sarki ya saurare shi, ya sa aka mayar da shi lafiya. Bai ambaci wuta ba. Toma na Celano, wanda ya rubuta tarihin Faransis na farko wajen 1229, ya ce sojoji sun wulakanta shi a hanya, amma sarki ya karɓe shi da girmamawa, ya ba shi kyautai ya ƙi karɓa. Shi ma bai ambaci wuta ba. Sai bayan shekara arba'in da wani abu Bonabentura, shugaban ƙungiyar a zamaninsa, ya rubuta sabon tarihi wanda a ciki Faransis ya ba da shawarar a hura wuta, sarki kuwa ya ƙi. A 1266 ƙungiyar ta ba da umarni a kawar da tarihohin da suka gabata, a riƙe na Bonabentura kaɗai. Ko a wurinsa ba a kunna kome ba, magana ce aka yi ta wuce. Mai zane ne ya ɗauko itace ya hura. Da haka ziyara ta zama gasa, baƙo ya zama mai cin nasara, mai masauki ya zama wanda aka kunyata. Har ƙananan mutum-mutumi ya jera a saman ginin fadar, abin da ke nuna bai san mutanen da yake zanawa ba. Hannun da ya yi wa uban Faransis adalci domin ya san irinsa, ya kasa yi wa Musulmi domin labarinsu kawai ya ji.

Wani zai ce, ashe Iliya bai yi haka a Dutsen Karmel ba? Ya yi, bisa umarnin Allah, a gaban Isra'ila da ta bar alkawarinta. Amma ku karanta babin da ke biye: a Horeb wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikinta (1 Sarakuna 19). Sa'ad da Yakubu da Yahaya suka so su kira wuta a kan ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, tsawata musu Yesu ya yi, suka wuce wani ƙauye (Luka 9). Shi kansa ya ƙi dirowa daga kan Haikali don ya tabbatar da ko shi wane ne. Faransis ma ya bar mana shaidar abin da ya koyo. A ƙa'idar da aka rubuta wa 'yan ƙungiyarsa a 1221, shekara biyu bayan Masar, babi na 16 ya nuna wa masu zuwa zama cikin Musulmi hanya biyu. Ta fari, kada su tayar da gardama ko husuma, su yi zaman tawali'u a ƙarƙashin kowa saboda Allah, su kuma bayyana cewa su Kirista ne. Ta biyu, in sun ga Ubangiji ya buɗe ƙofa, su yi shelar Maganarsa. Wanda ya tsara wannan bai yi kama da mai neman gasar wuta ba. Ya fi kama da wanda ya riƙe 1 Bitrus 3:15, inda aka haɗa shirin ba da amsa da ladabi wuri ɗaya.

Kada kuma mu faɗa ramin da ke ɗaya gefen. A zamaninmu, musamman tun taron addu'ar zaman lafiya da Paparoma Yahaya Bulus na Biyu ya kira shugabannin addinai a Asisi a 1986, an fi son a nuna Faransis da sarki suna rungumar juna kamar ba abin da ya raba su. Wannan ma gyaran fuska ne. Faransis bai ratsa tsakanin rundunoni biyu don gaisuwa ba. Ya je ne ya yi shelar Almasihu, ya kuma san yana iya barin kansa a can. Sarki bai tuba ba, shi ma bai sassauta ba. Masu zanen dā sun ƙara wuta, na yanzu sun cire wa'azi.

Ga abin da ya sa na damu. Mu a ƙasar Kazaure 'yan kaɗan ne a tsakiyar Musulmi, kuma ba baƙi ba ne gare mu. Rijiya ɗaya muke sha, gona na jikin gona, da yawanmu kakanmu ɗaya da su. Duk da haka na lura wane irin labari ne ke sa majami'a ta ɗauki tafi: wanda a cikinsa mai wa'azi ya ƙure wani malami, ya rasa ta cewa, ya tashi da kunya. Matasanmu na tura wa juna irin waɗannan muhawarori a waya. Ni ma, in faɗi gaskiya, na taɓa ƙara gishiri a kan mumbari cikin labarin wata hira da na yi a kasuwa, na ba kaina kalmar ƙarshe wadda a ranar ban same ta ba. Jama'a suka ji daɗi. Mutumin da na yi hirar da shi kuwa ya zo mini gaisuwar rasuwar mahaifiyata da ƙwaryar gero a kansa. Yaron da aka rena da irin labarina zai fita yana neman wanda zai kayar, in bai samu nasara ba ya ɗauka bangaskiyarsa ce ta gaza.

Ba a yarda a ɗauki hoto a cikin majami'ar ba, saboda haka na sayo katin zanen nan biyu. Da na je gaida baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya musulunta tun ina yaro, na nuna masa na wutar. Ya nisanta katin da idonsa ya daɗe yana dubawa.

"Wannan wane sarki ne?"

"Sarkin Masar ne, Baffa. Musulmi ne."

Ya sa farce a kan mutum-mutumin da ke saman ginin. "Da gumaka a kan soronsa? Ɗana, wanda ya zana wannan bai taɓa cin tuwo a gidan Musulmi ba." Ya yi dariya har da tari. Can ya nuna Faransis. "To, shi wannan mai igiya a ƙugu, me ya je faɗa wa sarkin?"

Na gaya masa: labarin Yesu Almasihu, da mutuwarsa a kan gicciye saboda zunubanmu, da tashinsa. Ya saurara har na kai aya, bai katse ni ba. Sa'an nan ya miƙo mini katin ya ce su ba haka suka karanta ba. Aka kira la'asar, ya jawo butarsa ya miƙe.

"Kada ka tafi," in ji shi, "ana dama fura."