Ba Kowace Taƙama ce Girman Kai ba: Sharhi a kan Fassarar Wasu Kalmomin Ingilishi

Akwai wasu kalmomin Ingilishi da suke siffanta mutumin da ya ɗora wa kansa abin da ba nasa ba, irin su pretentious da affected da pompous da snob. Abin da aka saba ji a aji shi ne a tattara su duka a ce "girman kai". Wannan fassara tana da sauƙi, amma tana ɓad da ma'ana ta fuska biyu.

Da farko, girman kai a wurin Bahaushe laifi ne na zuciya wanda malamai suke wa'azi a kansa, alhali kalmomin nan na Ingilishi na ba'a ne. Asalin pretentious daga Latin yake, ma'anarsa miƙa abu a gaba, wato mutum ya gabatar da ilmi ko muƙamin da bai kai ba. Fankama da burga sun fi kusa da ita. Affected kuwa ta shafi murya da tafiya da lafazin da aka ƙago, kamar ɗan makarantar da ya koma Bafarawa hutu yana maƙale harshe wai Gobiranci ya kuɓuce masa. Wannan iyayi ne, ko feleƙe, ko ƙaƙale, kuma mai yin su yana iya zama mai ladabi ƙwarai. Snob ta fi wuya. A ƙarni na 18 sunan mai ɗinkin takalma ne, kafin marubuci Thackeray ya yaɗa ta da littafinsa na 1848 a kan masu lasar takalmin na sama suna raina na ƙasa. Hausa ba ta da kalma guda da ta haɗa fadanci da raini, saboda haka tilas a yi bayani da jimla.

Ɓarna ta biyu ta fi girma, domin takan faru ne in an juya daga Hausa zuwa Ingilishi. Pompous ta samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin jerin gwano na biki, kuma Bature yana faɗarta ga wanda ya kumbura fiye da matsayinsa. To, a ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, taƙama da ƙasaita da isa ba aibi ba ne ga wanda ya gada. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, a kan wannan ya gina yawancin waƙoƙinsa: ubangidansa ya cancanci ƙasaita saboda jinin sarauta, abokin hamayya kuwa ana yi masa zambo don yana kwaikwayon abin da bai samu ba. Tafiyar ɗaya ce, rawanin ɗaya ne, bambancin yana ga haƙƙi. Ɗalibin da ya fassara taƙamar sarki da pompous ya mayar da yabo zambo, ya kuma sa mai karatu na waje ya ɗauka makaɗin yana yi wa ubangidansa dariya.

Ƙamusoshi ba su kuɓuta daga zargi ba. Na Bargery na 1934 taska ce wajen kalmomin Hausa, har da na Sakkwato da Katsina, amma ɓangarensa na Ingilishi zuwa Hausa jerin kalmomi ne kawai. Na Skinner na 1965 an yi shi don 'yan makaranta, bai da filin rarrabe irin wannan. Na Roxana Ma Newman na 1990 ya ci gaba sosai da ya kawo misalai cikin jimla, sai dai daidaitacciyar Hausa ya bi, wadda ta dogara ga Kananci. Babu ɗayansu da aka tsara don amsa tambayar da mai fassarar waƙar fada yake bukata kafin ya zaɓi kalma, wato wa ya yi halin, a gaban wa, kuma ko ya isa ya yi.