Wa ake yi wa dariya? Mushe Jurdan a birnin Kap

Tun muna kwaleji aka karanta muna Le Bourgeois gentilhomme na Moliyer, wanda aka fara nunawa a 1670 gaban sarki Luwi na 14. Labarin Mushe Jurdan ne, ɗan kasuwa mai dukiya da ya ɗauki malamai su koya mishi rawa, takobi da maganar ƴan sarauta. Mun sha dariya wajen da malami ke nuna mishi yadda ake buɗe baki a ce A, a tattara leɓe a ce U. Sai da na shiga sashen ilimin harsuna, aka sa ni wannan aikin da gaske, dariyar ta ɗan tsaya mini a wuya.

Abin da ya sa na koma ga wasan shi ne tafiyar da ya yi zuwa Afirka ta Kudu. A 1825 an nuna shi a birnin Kap da Holanci, da sunan De Burger Edelman. Mai fassarar, Sharl Etiyen Bonifas, haifaffen Paris ne da ya zauna Kap tun 1807. A lokacin Ingila ke mulki, Holanci ne harshen coci da littafi, amma a kasuwa da madafa wata magana ce daban ke yawo a bakin bayi, Khoikhoi da manoma farar fata. Ita ce daga baya aka kira Afirkans, kuma an daɗe ana yi mata laƙabin harshen madafa.

To a nan tambayata take. A wasan, mai hankali ita ce Nikol, baranyar gidan, wadda ke ƙyalƙyala dariya in ta ga maigida cikin sabbin tufafin ƴan sarauta. Moliyer ya ba mai magana ba ado gaskiya. Amma a Kap, masu aikin Nikol na gaske bayi ne, kuma teyatur bai ɗauki harshensu abin yin fassara da shi ba. Ƴan kallo suna yi wa Jurdan dariya don yana kwaikwayon manya, alhali su ma harshen da suke saurare a dandamali ba shi suke yi da ƴaƴansu a tsakar gida ba. Laifi tudu ne.

Bonifas ya sa wannan magana ta titi a wasansa na kansa, De Temperantisten, na 1832, inda ya yi ba'a ga masu yaƙi da shan giya. Wa ya ba ita? Khoikhoi, waɗanda ya nuna a matsayin mashaya. Masana na girmama littafin don yana cikin shaidun farko na rubutaccen Afirkans, kuma ban musa ba. Sai dai a ganina ya juya Moliyer a baibai: can baranya ke dariya, nan ita ake yi wa.

Akwai wani abin kuma. Kusa da ƙarshen wasan akwai bikin Turkawan ƙarya, ana yi wa Jurdan naɗin bogi da gwaranci. Ga shi kuwa ɗaya daga littattafan farko na Afirkans, Bayanud Din, wani malamin daular Usmaniyya ne, Abubakar Efendi, ya rubuta shi da haruffan Larabci, aka buga a Istambul a 1877. Ajami ke nan, irin namu. Shi bai ga abin dariya ga harshen ba, karantarwa ya yi da shi. Sai a 1925, shekara 100 cif bayan De Burger Edelman, aka amince da Afirkans a hukumance. Daga baya ma ya zama harshen masu mulkin wariya, har yaran Soweto suka tashi kansa a 1976. Baranya ta hau kujerar maigida, ta ɗauki bulalarsa.

Shi ya sa nike cewa, ƴan uwa, duk wanda zai mayar da wasan ga Hausa ya fara da yanke shawara guda: wace irin magana zai sa a bakin Nikol, kuma wa zauren zai yi wa dariya in ta buɗe baki.