Jinjina ga Masu Koya wa Yara Haɗa Taki

A ƙauyukan Gusau, Tsafe da Bunguɗu, irin su Ruwan Ɓore, yaro kan fara sanin taki tun a jujin bayan gida, kafin darasin noma na firamare. Iyaye da malaman da ke koya masa sun cancanci jinjina. A tara ɓawon rogo, ragowar tuwo, toka da kashin awaki, a tsince leda ɗaya bayan ɗaya, a zuba a rami, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa tsawon watanni har ya koma baƙar ƙasa. Aikin haƙuri ne, kuma ba mai tafa musu. Da bazara a cika mangala, jaki ya kai gona, inda gero da dawa ke jira, tunda buhun takin zamani ya gagari talaka.