Aikin Wuƙa da Ƙanƙara a Gaɓar Tafkin Biktoriya

Giwan ruwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi masunta ke rububin kamawa a Matan Fada ranar bikin Argungu, kuma akwai shi a Tafkin Chadi da Kainji. Mu banda muka saba yi da shi, ko suya. Amma a gaɓar Tafkin Biktoriya, wanda Tanzaniya da Yuganda da Kenya suka yi tarayya a kansa, akwai mutanen da suka ƙware wajen kai wannan kifi har kantunan Turai ɗanye shar, cikin 'yan kwanaki, bai ga gishiri ba, bai ga hayaƙi ba.

Asali ma ba ɗan tafkin ba ne. A shekarun 1950, zamanin mulkin Turawan Ingila, aka zuba shi a ciki. Ya yi shiru na tsawon lokaci, sai a shekarun 1980 ya yi wata irin yaɗuwa, ya lamushe ƙananan kifayen tafkin iri-iri har wasu suka ɓace. Wannan asara ce babba. Sai dai a kanta ne masana'antun gyaran kifi suka tashi a Mwanza da Kisumu da Jinja da Kamfala, tsokarsa ta shiga sahun manyan kayan da ke kawo wa ƙasashen kuɗin waje.

Aikin yana farawa tun duhun asuba, lokacin da masunta ke janyo ragar da suka kafa da yamma, ko doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi. Daga sa'ar da kifi ya mutu ya fara lalacewa, kuma zafin wannan yanki ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Shi ya sa a bakin gaɓa ba a yarda kifin fitarwa ya taɓa ƙasa ba. Kan dakali ake ɗora shi, inda mai tantancewa ke jira.

Wannan mutum abin kallo ne. Zai fara da ido: na sabon kifi a cike yake, garau, ya ɗan turo waje, na wanda ya kwana a raga ya faɗa ciki, ya yi hazo. Sai ya ɗaga murfin kumatun ya duba jan naman nan da kifi ke numfashi da shi. Idan ja ne wur, madalla. Idan ya koma ruwan ƙasa, ya yi yauƙi, an wuce wurin. Ya kai hanci ya shinshina. Ya danna yatsa a gadon baya: tsoka mai lafiya takan taso nan take, wadda ta gaji kuwa sai gurbin yatsan ya zauna. Daga nan ya shimfiɗa shi a kan ma'auni, domin ƙa'idar da ƙasashen uku suka taɓa amincewa da ita ita ce a ɗauki mai tsawon santimita 50 zuwa 85. Na ƙasa da haka bai gama girma ba, na sama kuwa yawancinsu mata ne masu zuba ƙwai. Duk wannan bincike ba ya ɗaukarsa minti guda, hannunsa na kan wannan kifi, idonsa ya riga ya koma kan na gaba.

Sa ƙanƙara ma ilimi ne. Ba dunƙule ake jefawa ba, niƙaƙƙiya ake so, mai shiga kowane lungu ba tare da ta ƙuje fata ba. A shimfiɗa ta a ƙasa, a jera kifi, a rufe, a sake jerawa, kusan nauyin ƙanƙara daidai da nauyin kifi. Sirrin yana cikin narkewarta, don a lokacin da take narkewa ne take zuƙe zafin jikin kifin, ruwanta kuma ya wanke shi. Dole a bar wa ruwan nan mafita a gindin akwati, in ba haka ba kifin ƙasa ya kwanta cikin ƙazanta. Mai ganda yakan watsa shebur biyu a sama ya rufe mota. Daga waje ba za a gane bambanci ba, sai an isa ƙofar masana'anta an soka ma'aunin zafi a tsokar kifin da ke can tsakiya.

A cikin masana'anta komai gaba yake tafiya, ba ya komowa. Ɗanyen kifi ta wata ƙofa yake shiga, gyararre ta wata yake fita, ba sa gamuwa. Ma'aikaci zai cire zobe da agogo, ya rufe gashi, ya wanke hannu, ya tsoma takalmansa na roba cikin ruwan magani kafin ya taka ɗakin yanka.

A nan mai wuƙa yake. Wuƙarsa siririya ce mai ɗan lanƙwasuwa, kuma ba ya rabuwa da ƙarfen washi. Zai tsaga bayan kai a karkace, don kada ya bar tsokar wuya mai kauri. Sai ya juya kaifin, ya kwantar da shi a kan ƙashin baya, ya ja shi doguwar ja har wutsiya, yana jin ƙashin ta cikin ƙotar wuƙar kamar yadda mahaucin kirki ke gane gaɓa ba sai ya duba ba. A wajen haƙarƙari yakan sassauta ya ɗaga hannu, domin idan tsinin ya huda ciki, abin da ke hanji ya ɓata tsokar. Ya kifa kifin, ya maimaita a ɗaya gefen. Na kusa da shi ya zare fatar, na gaba ya share kitse da jan layin jini da ragowar ƙaya. Abin da ke fita tsoka zalla bai kai rabin nauyin kifin ba, saboda haka ɗan abin da wuƙa ta bari a jikin ƙashi, in aka tara na yini guda, shi ne tazarar da ke tsakanin riba da faɗuwa. Ni a ganina wannan hannu ya cancanci albashin da ya fi wanda ake ba shi.

Daga nan sai a ware tsokar bisa nauyi, a sanyaya, a jera cikin akwatunan farin soso, a nufi filin jirgin sama. Wadda za ta bi jirgin ruwa kuwa daskarar da ita ake yi, a riƙe ta a digiri 18 ƙasa da sifili.

Kowane akwati yana ɗauke da lamba, kuma bayan lambar akwai takardu: gaɓar da aka sauke kifin, motar da ta kawo shi, sanyinsa a kowane zango, sakamakon gwajin ruwa. Da wahala aka koyi wannan darasi. A 1997 Turai ta taƙaita sayen kifin bayan an samu ƙwayar cutar salmonela a cikinsa, sannan annobar kwalara ta biyo baya. Mafi muni ya zo a 1999, sa'ad da aka gano wasu na zuba gubar kashe ƙwari a ruwa don kifi ya taso su kwashe ba gumi. Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga ƙasashen uku, masana'antu suka tsaya, dubban ma'aikata suka zauna a gida, kuma Yuganda ba ta samu an buɗe mata ba sai a watan Agusta na 2000, bayan an gyara gaɓoɓi da ɗakunan gwaji da tsarin sa ido. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a 2018, lokacin da Amurka ta dakatar da shigar bandar tarwaɗa daga Najeriya saboda ba a cika takardun da ta nema ba.

Sauran kifin ba a zubarwa. Kai da ƙashi ana soyawa ko a busar a sayar a kasuwannin gida. Jakar iskar da ke cikinsa kuwa ana wanke ta a shanya, a tura Hong Kong da Sin, inda kilonta ya ninka na tsoka kuɗi sau da yawa. Wannan kasuwa ce ke jan masunta zuwa ga manyan matan da ya kamata a bari. Ga kuma kifin da ake kiwo a Biyetnam ya shigo kantunan Turai da araha, ya danne farashi. Kamu ya ragu, masana'antu da dama sun rufe, waɗanda suka rage suna aiki ƙasa da ƙarfinsu, har ta kai a 2017 Yuganda ta tura sojoji kan tafkin su ƙwace haramtattun ragogi masu ƙananan idanu.