Masu Koya wa Kwamfuta Gane Maɓalli

Akwai tsofaffin manhajoji a ofisoshi waɗanda ba su karɓar bayanai a dunƙule. Dole akawu ya kwafo suna daga Excel, ya liƙa, ya danna maɓallin ajiyewa, ya koma layi na gaba, har wuyansa ya ƙage. Ina jinjina wa duk wanda ya iya ɗora wa kwamfuta wannan wahala ta hanyar hoto.

Mutum zai yanko ɗan hoton maɓallin da yake so a danna, ya adana, kwamfutar kuma ta leƙa allo ta nemo abin da ya yi kama da shi, ta kai linzami kansa ta danna. Tom Yeh da Tsung-Hsiang Chang ne suka fito da Sikuli, manhajar da ke yin wannan aiki, a jami'ar MIT ta Amurka a 2009, daga baya Raimund Hocke ya ci gaba da rainonta da sunan SikuliX. Masu aiki da Python kuwa suna da PyAutoGUI ta Al Sweigart. A da sai wanda ya iya rubuta umarnin kwamfuta. Yanzu ko sabon shiga zai zayyana wa ChatGPT aikin daki-daki, ta rubuto masa umarnin nan take.

Sai dai ita ba ta taɓa ganin allonsa ba, kuma a nan gwani ke bayyana.

Ka lura da yadda yake yanka hoto. Ba ya haɗawa da agogo ko sunan fayil, domin gobe za su canza. Ba ya ɗaukar hoton yayin da linzami ke kan maɓallin, saboda maɓallai da yawa kan sauya launi idan linzami ya hau su. Idan maɓalli iri ɗaya ya fito sau biyu a allo, sai ya haɗa da rubutun gefensa, ko ya killace yankin da za a bincika, abin da ke ƙara sauri ma. SikuliX tana yarda da kamanni na 0.7 idan ba a ce mata komai ba. Inda maɓallai suka yi kama da juna, gwani kan ɗaga shi zuwa 0.9. Ya kuma san cewa hoton da aka yanka a girman allo na kashi 100 zai iya ƙin aiki idan aka mayar da shi 125.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake gyara jira. Sau da yawa umarnin da aka rubuto masa kan ce a dakata daƙiƙa 2 sannan a danna. Ranar da kwamfuta ta yi nauyi, sai dannawar ta faɗa inda ba a nufa ba. Shi kuwa sai ya sa a jira har hoton taga ta gaba ya bayyana, in bai bayyana ba a tsaya cak a rubuta layin da aka kai.

Ba ya sakar wa kwamfutar layi 500 a karon farko. Layi 3 yake ba ta, na gwaji, idonsa a kan allo, hannunsa a kan linzami. PyAutoGUI tana da burki: da zarar an wurga linzami kusurwar allo, aikin ya tsaya. Gwani kan karanta umarnin da aka ba shi layi-layi, ya tabbatar ba a kashe wannan burkin ba kafin ya kunna.