Paranoid na Black Sabbath: faifan da labari ya yi wa yawa

Akwai faifan da ba a sauraronsa sai tare da labaran da aka rataya masa. Paranoid, wanda kamfanin Vertigo ya fitar a Ingila ran 18 ga Satumba 1970, yana sahun gaba a irin waɗannan. Samari huɗu ne suka yi shi, 'yan unguwar Aston ta Birmingham, garin masana'antu da hayaƙi: Ozzy Osbourne mai rera waƙa, Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jitar bas, sai Bill Ward a kan ganguna. Waƙoƙi takwas ne, minti arba'in da ɗoriya, amma a kansu aka kafa rabin kiɗan da ake kira heavy metal.

Tun daga bango ake fara ruɗewa. Mutum ne da takobi da garkuwa da hular kwano, ya ɓullo daga daji cikin dare, hoton dishi-dishi. Me ya haɗa shi da sunan faifan, wanda ke nufin mai fama da tsoro da zargin kowa? Babu. An ɗauki hoton ne lokacin da sunan faifan yake War Pigs, wato aladun yaƙi, sai kamfani ya sauya suna ya bar bango. An fi yawan cewa gudun ɓacin ran Amurkawa ne saboda yaƙin Biyetnam. Ozzy kuwa ya ce zancen kasuwa ne kawai, domin waƙar "Paranoid" ita ce aka ga za ta sayu. Ta kuwa sayu, ta kai lamba huɗu a Birtaniya, faifan kansa ya kai lamba ɗaya. Abin dariya, waƙar cikon gurbi ce. An ga faifai bai cika ba, Iommi ya ƙirƙiro kiɗan nan take. Minti nawa suka ɗauka? Kowanensu da adadin da yake faɗa, amma babu wanda ya ce sun kwana a kai.

Labarin yatsun Iommi gaskiya ne, kuma ya fi duk wata ƙarya daɗin ji. Yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wata masana'antar ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi bahago ne, don haka hannun da yake danne tsirkiya da shi ke nan. Ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya yi wa yatsun hula, ya lulluɓe da fata, ya koma ga tsirkiya marasa kauri. Inda masu ba da labari ke zarcewa shi ne cewa saboda haka ya sassauta tsirkiya sosai a wannan faifai har sautin ya yi nauyi. Wannan sassautawar sai a faifan da ya biyo baya, Master of Reality na 1971. Nauyin Paranoid daga hannun makaɗan ya fito, daga yadda Iommi ke jan sauti a hankali kamar mai turin amalanke a yashi, Butler na bin sa ƙafa da ƙafa.

Haka waƙar "Iron Man" ba ta da dangantaka da jarumin kamfanin Marvel mai wannan suna, duk da fim ɗinsa na 2008 ya aro ta. Butler ya tsara labarin wani ne da ya leƙa gaba ya ga halaka, ya dawo ya zama ƙarfe, aka yi masa dariya, shi kuma ya zama sanadin halakar. Labarin jemagen da Ozzy ya ciza kuwa, ba a zamanin wannan faifai ba ne: a Des Moines ne cikin Janairun 1982, kusan shekara uku bayan an sallame shi daga ƙungiyar.

Zargin da ya fi daɗewa shi ne bautar Shaiɗan. Wanda ya zauna ya saurara zai ji wani abu dabam. "War Pigs" tsinuwa ce ga manyan da ke kunna yaƙi su tura 'ya'yan talakawa. "Electric Funeral" tsoron makamin nukiliya ce. "Hand of Doom" kuwa kan sojojin Amurka ce da suka faɗa allurar ƙwaya. Mawaƙan nan yaran ma'aikata ne da suka ƙi yarda da waƙoƙin furanni da soyayya na zamaninsu, domin ba su ga furen a Aston ba.

Ba komai ne ya burge ni ba. "Rat Salad" baje kolin ganga ce, nakan tsallake ta. Amma "Planet Caravan", inda Ward ya ajiye sanda ya koma kiɗa da tafin hannu, muryar Ozzy na tahowa kamar daga ƙarƙashin ruwa, ita nake fara sa wa duk wanda ya ce mini wannan kiɗa hayaniya ce kawai.

Ran 5 ga Yuli 2025 su huɗun suka sake haɗuwa a filin wasa na Villa Park, nan cikin Aston, Ozzy na zaune a kujera saboda rashin lafiya. Waƙoƙi huɗu suka yi, uku daga wannan faifai, suka rufe da waccan ta cikon gurbi. Bayan kwana 17 Ozzy ya rasu.